Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Tarihin Miƙa Aiki a Asibitocin Ƙwaƙwalwa



Duk wanda ya taɓa zaman jinya a cikinmu ya san wani lokaci da ɗakin majinyata yake yin tsit. Da safe ne, sa'ad da ma'aikatan jinyar da suka yi aikin kwana suke shirin tafiya gida, 'yan aikin safe kuma suna shigowa. Sai su haɗu a ofis, a buɗe fayiloli, a bi gadaje ɗaya bayan ɗaya: wane ya kwana lafiya, wance ba ta runtsa ba, mai gado na shida ya ƙi shan magani. Wannan shi ne miƙa aiki. Sau biyu ko sau uku ake yin sa kullum, har ranar Sallah.

A sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, wannan ɗan zaman ya fi nauyi a kan na sauran sassa. Mai karaya yana da hoton ƙashinsa, mai zazzaɓin cizon sauro yana da sakamakon gwajin jininsa. Shi kuwa mai taɓin hankali, yawancin abin da ake auna shi da shi magana ce: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, da yadda wanda ya gani ya ba da labari. Jimla guda da nas ta faɗa a ofis tana iya sa a ƙara masa magani, ko a hana shi fita shan iska, ko a ɗage ranar sallamarsa. Shi kuma wanda ake maganar a kansa yana waje, wataƙila yana hango leɓɓa suna motsi ta gilashin taga.

Ta yaya aka bar shi a waje, kuma yaushe aka fara tunanin a kira shi ciki? Tarihin da za mu bi ke nan.

Zamanin ƙirga mutane da cokula

A birnin Landan akwai wani gida da ake kira Bethlem, wanda aka kafa a 1247, daga baya ya koma wurin ajiye masu taɓin hankali. Har zuwa 1770 jama'ar gari suna shiga su yi kallon waɗanda aka tsare, kamar yadda ake zuwa gidan namun daji. A irin wannan wuri babu batun a tambayi mutum ya ya kwana. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mun san turu, mun san mari.

Sauyi na farko ya zo ne daga hannun wani wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti. Jean-Baptiste Pussin majemi ne, an kwantar da shi a asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Paris a 1771 saboda wani ciwon kumburin wuya na dangin tarin fuka. Da ya warke sai aka ɗauke shi aiki a wurin, har ya zama mai kula da sashen masu taɓin hankali. Lokacin da likita Philippe Pinel ya zo asibitin a 1793, ya tarar Pussin da matarsa Marguerite sun san mazauna sashen ɗaya-ɗaya, sun hana duka, suna yi musu magana kamar mutane. Pussin ne ya cire musu sarƙa a 1797, ko da yake masu zane sun fi nuna Pinel yana wannan aiki. Pinel da kansa bai ɓoye cewa ya koyi abubuwa da yawa daga gare shi ba. Ya riƙa zama da majinyata yana sauraronsu, yana rubuta tarihin kowanne.

A Ingila ma an yi irin haka. Wata mata mai suna Hannah Mills ta mutu a gidan mahaukata na birnin York a 1790, bayan an hana 'yan'uwanta na ɗariƙar Kweka ganinta. Wannan ya sa wani ɗan kasuwa, William Tuke, ya jagoranci gina wani gida da aka buɗe a 1796, mai ɗaukar mutum kusan 30, inda majinyata da masu kula da su suke zama kamar iyali guda.

Sai dai abin da ya yiwu ga mutum 30 bai yiwu ga dubbai ba. Dokar 1845 ta wajabta wa gundumomin Ingila gina gidajen mahaukata. Wanda aka buɗe a Colney Hatch a 1851 an gina shi ne don mutum 1,250. A tsakiyar shekarun 1950 masu kwance a irin waɗannan asibitoci sun kai kimanin 150,000 a Ingila, a Amurka kuma sun haura 550,000. Ma'aikacin da aka bar wa mutane da dama shi kaɗai ba shi da lokacin hira. Abin da yake miƙa wa mai karɓarsa shi ne makullai da lissafi: mutum nawa ne a ɗaki, wuƙaƙe da cokula sun cika bayan cin abinci, wa ya yi faɗa, wa ya faɗi da farfaɗiya. A rubuta a littafin rana ko na dare, a kai wa babban likita. Rahoton sama yake tafiya, ba ya dawowa wurin wanda aka rubuta a kansa.

Akwai wanda ya ɗanɗana wannan zama ya kuma rubuta shi. John Perceval ɗa ne ga Spencer Perceval, firaministan Birtaniya da aka harbe a 1812. An tsare John a gidajen mahaukata biyu a farkon shekarun 1830, ya fito ya wallafa labarinsa a 1838 da 1840. Daga cikin manyan kokensa akwai cewa ana yin abin da aka ga dama da jikinsa ba tare da an gaya masa me za a yi ba, balle dalili, balle a ji ta bakinsa. A 1845 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin waɗanda aka tsare da sunan hauka. Idan muka duba da kyau, buƙatar da ake ta rubuce-rubuce a kanta yau, shi ya riga ya faɗe ta shekaru fiye da 180 da suka wuce.

Raɗa a bakin ƙofa

Aikin jinya na zamani kuwa daga Florence Nightingale aka fi ɗauko tarihinsa. A ɗan littafinta kan jinya da ya fito a ƙarshen 1859 ta kawo abubuwa biyu da suka shafi zancenmu. Na farko, ta ce gwanintar mai jinya tana ga yadda za ta tsara abubuwa, ta yadda abin da take yi idan tana nan za a ci gaba da yin sa idan ba ta nan. Wannan shi ne tushen miƙa aiki. Na biyu, ta yi kashedi mai ƙarfi a kan yin raɗa a ɗakin mara lafiya ko a bakin ƙofarsa, domin zai ta kasa kunne yana wahalar da kansa, yana zaton mafi muni ake faɗa a kansa.

Magadanta sun riƙe shawarar farko gam, ta biyun kuma suka warware ta da hanya mafi sauƙi: suka ɗauke maganar gaba ɗaya daga kusa da majinyaci, suka kai ta ofis, suka rufe ƙofa.

A gidajen mahaukata ma aikin ya fara samun tsari. A 1885 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar da littafin koyar da masu kula da majinyata, daga baya aka kawo jarrabawa. A 1910 ma'aikatan suka kafa ƙungiyar ƙwadago a yankin Lancashire, kuma rage tsawon lokacin aiki yana cikin manyan buƙatunsu. Da tafiya ta yi tafiya aka raba yini gida biyu ko uku. Wannan ci gaba ne ga ma'aikata, amma yana da wani sakamako: mutum ɗaya yanzu hannuwa da yawa ne suke kula da shi, kuma abin da ke haɗa hannuwan shi ne rahoto. A wasu asibitocin Turai da Amurka har an kai lokacin da mai tashi yake naɗar rahotonsa a kaset, mai shigowa ya kunna ya saurara. Ko su biyun ba sa haɗuwa, balle a tuna da na uku.

Taron safe

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara tsaga ƙofar. Sojoji masu yawa sun dawo daga fagen daga da ciwon da ba a gani a jiki, likitoci kuma sun yi kaɗan. A asibitin soja na Northfield kusa da Birmingham, Wilfred Bion da John Rickman suka gwada haɗa sojojin a taro kullum, su tattauna yadda ake tafiyar da ɗakinsu, su ɗauki nauyin gyara shi. Gwajin farko mako shida kawai ya yi hukuma ta dakatar da shi. Waɗanda suka biyo bayansu suka ci gaba, kuma a 1946 ɗaya daga cikinsu, Tom Main, ya raɗa wa tsarin sunan da za mu iya fassarawa da "al'umma mai warkarwa". Daga 1947 Maxwell Jones ya kafa irinsa a asibitin Belmont, inda kowace safiya ma'aikata da majinyata suke zama wuri guda a tattauna abin da ya faru jiya da daren jiya. Wanda aka ce ya fasa taga yana zaune a wurin, zai faɗi nasa.

A Amurka wata ma'aikaciyar jinya, Hildegard Peplau, ta wallafa littafi a 1952 da ya sauya tunanin masu sana'arta. Ta nuna cewa hulɗar da ke tsakanin nas da majinyaci ita kanta magani ce, kuma aikin tare ake yin sa. Ta gama rubutun tun 1948, amma ya yi shekara huɗu a ajiye saboda a lokacin ana ganin bai dace nas ta fitar da irin wannan littafi ba tare da sunan likita a kai ba.

Sai kuma Erving Goffman, masanin zamantakewa, wanda ya yi kusan shekara guda tsakanin 1955 da 1956 a asibitin St Elizabeths na birnin Washington, mai majinyata kusan 7,000, a matsayin mataimakin mai kula da wasanni. A littafinsa na 1961 ya lura cewa fayil ɗin majinyaci ba tarihin rayuwarsa ba ne, tarin abubuwan da suka nuna rashin lafiyarsa ne aka tsinto, kuma da za a bi rayuwar kowa a yi irin wannan tsintar, za a samu abin cika fayil. Waɗannan labarai suna yawo tsakanin ma'aikata, har ya zama duk abin da majinyaci ya faɗa game da kansa akwai abin ƙaryata shi da shi a ajiye.

A wannan shekara ta 1961 Franco Basaglia ya karɓi shugabancin asibitin Gorizia a Italiya. Ana ba da labarin cewa a ranarsa ta farko an kawo masa littafin sunayen waɗanda aka ɗaure a gado, ya sa hannu kamar yadda aka saba, sai ya ƙi. Daga 1965 aka fara babban taro na kowa da kowa a asibitin, wani lokaci majinyaci ne ma yake shugabantar zaman. Wannan yunƙuri ne ya kai ga Doka ta 180 a 1978, wadda ta sa aka bi hanyar rufe gidajen mahaukata a Italiya.

Abin lura a nan shi ne, ko a wuraren da ake taron safe, bayan an tashi ma'aikata sukan koma su yi nasu zaman su kaɗai. Miƙa aikin nas-nas ya ci gaba da zama a bayan ƙofa.

Aro da Fann

Afirka ta Yamma tana da nata babin a wannan tarihi. Gidajen mahaukatan da Turawan mulkin mallaka suka buɗe, irin na Yaba a Legas a 1907, sun fi kama da kurkuku. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatunsa a Ingila, ya ɓullo da wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da wani ɗan'uwansa da zai zauna da shi. Da rana ya je a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a. Lambo ya yi aiki da dattawan ƙauyukan da masu maganin gargajiya, kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

A asibitin Fann da ke Dakar, inda Henri Collomb ya fara aiki a 1959, an kawo wani zama da ake kira "penc", kalmar Wolof mai nufin dandalin da mutanen gari suke taruwa su yi shawara. Majinyata da danginsu da ma'aikata duk suna zama, kowa yana da bakin magana.

Waɗannan tsare-tsare sun nuna cewa labarin daren jiya ba a hannun ma'aikaci kaɗai yake ba. Sai dai mu yi hattara, kada mu ɗauka zuwan dangi daidai yake da jin muryar mai ciwon. Sau nawa muka ga likita ya tsallake mara lafiya yana tambayar yayansa ko mijinta, shi yana zaune ana cewa "yana yin kaza, yana yin kaza"? Ɗan'uwa shaida ne mai amfani, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ranar da aka juya fitila

Matakin da ya fi kusa da zancenmu ya zo ne daga arewacin Turai. A 1984 ma'aikatan asibitin Keropudas da ke garin Tornio a ƙasar Finland suka yanke shawarar daina tsara maganin mutum a bayan idonsa. Duk taron da za a yi a kansa, da shi za a yi, a kuma gayyato iyalinsa. Idan ma'aikata suna da saɓanin ra'ayi, a gabansa za su tattauna. Daga nan ne tsarin da ake kira buɗaɗɗiyar tattaunawa ya samo asali, wanda Jaakko Seikkula da Birgitta Alakare suka yi fice a kansa.

Shekara guda bayan haka, a garin Tromsø na ƙasar Norway, likita Tom Andersen da abokan aikinsa suna zaune a bayan irin gilashin nan da kake ganin mutum shi ba ya ganinka, suna kallon wani abokin aikinsu yana hira da wani iyali, hirar kuma ta cije. Maimakon su kira shi gefe su ba shi shawara kamar yadda aka saba, sai suka tambayi iyalin ko suna so su ji abin da ƙwararrun suke tunani. Aka kunna fitila da lasifika a ɗakin ƙwararru, aka rage hasken ɗakin iyalin. Masu kallo suka koma abin kallo. Abin da aka lura da shi shi ne harshen ƙwararrun ya sauya: kalmomin ƙasƙanci da na yanke hukunci suka ragu, domin wanda ake magana a kansa yana ji.

Kuskure ya tilasta gyara

Duk da haka, abin da ya tura manyan asibitoci su sake duba miƙa aiki tsoron kuskure ne. A 1999 wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 suke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Da aka bi diddigi, sai aka ga yawancin ɓarakar tana faruwa ne wurin isar da bayani daga hannu zuwa hannu. A farkon shekarun 2000 kamfanin lafiya na Kaiser Permanente ya aro wata dabara daga sojojin ruwan Amurka, wadda ake taƙaitawa da SBAR: a faɗi halin da ake ciki, a faɗi tarihin da ya kawo shi, a faɗi abin da aka fahimta, sannan a faɗi abin da ake so a yi. A 2006 hukumar tantance asibitocin Amurka ta wajabta tsara miƙa aiki. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan batun, a ciki har da sa majinyaci da iyalinsa. Dalilin a fili yake: ma'aikata suna canjawa, shi kaɗai ne yake nan daga farko har ƙarshe. Ƙasar Ostireliya ta sa wannan a cikin ƙa'idojin da take tantance asibitocinta da su daga 2013.

Haka aka fara yin miƙa aiki a bakin gado a sassan tiyata da na haihuwa da sauransu. Sashen ƙwaƙwalwa ne ya zo a baya, kuma ma'aikatansa suna da dalilansu. Majinyatansu ba a kwance suke ba, suna yawo. Bayanin da ake faɗa yana da nauyi, kamar tunanin kashe kai ko cin zarafin da aka yi wa mutum. Wani bayanin daga dangi ya fito da sharaɗin kada a faɗa. Akwai kuma tsoron kada mutum ya ji abin da zai tayar masa da hankali.

A Ingila, Farfesa Len Bowers ya biyo ta wata hanya da tsarinsa na Safewards. Ɗaya daga matakansa goma shi ne, a lokacin miƙa aiki dole a faɗi wani abu mai kyau game da kowane majinyaci, idan kuma za a ambaci wata fitina da ya yi, a haɗa da abin da ake ganin ya jawo ta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An gwada tsarin gaba ɗayansa a sassa 31 na asibitoci 15, sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna rikici ya ragu da kashi 15 cikin 100, matakan tilastawa irin su danne mutum ko killace shi kuma sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Daga nan sai aka je ga masu abin. A wani bincike da Michael Olasoji da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 a Ostireliya, an tambayi majinyatan sashen ƙwaƙwalwa ra'ayinsu. Sun nuna suna so a sa su a ciki, su san me ake faɗa a kansu, su gyara inda aka yi kuskure. Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam ma sun bi wannan layi, suna nazarin sassan da suka fara gwadawa.

Yadda ake yi, da inda gizo yake saƙar

Yadda ake yin sa ba wani abu ne mai wuya ba. Nas mai tashi da mai karɓa su sami majinyaci a ɗakinsa ko wani keɓantaccen wuri. A tambaye shi ko yana so, domin yana da damar cewa a'a. Mai karɓa ta gabatar da kanta. A bar shi ya faɗi yadda ya ga yininsa, nas ta ƙara da abin da ta lura, a daidaita kan abin da za a yi kafin canji na gaba. 'Yan mintoci ne. Bayanin da ya shafi wani mutum daban, ko wanda faɗarsa a lokacin zai jawo haɗari, ma'aikata su yi shi a tsakaninsu.

Mu ɗauki misali. A ofis za a ce, "Ya ƙi cin abinci, ba ya ba da haɗin kai." Mai karɓa ta ji, ta shiga ɗaki da wannan hoton a ranta, gobe ita ma ta miƙa wa wani, jibi ya zama halinsa. Magana zarar bunu ce. Amma idan yana wurin sai a ce, "Malam, na ga ba ka ci abincin dare ba." Shi kuma ya ce maganin da aka sauya masa ne yake ƙame masa muƙamuƙi, ba ya iya tauna. Irin wannan ƙamewar sananniyar illa ce ta wasu magungunan taɓin hankali, kuma tana da magani. A rahoton farko an samu mai taurin kai, a na biyu an samu aikin da za a kira likita a kansa.

Matsalolin ma na gaske ne. Akwai ranar da ciwo yake tsananta har mutum ba zai iya bin zancen ba, sai a jira. Akwai wanda tsayuwar mutum biyu a kansa take yi masa kama da tuhuma. Akwai ƙarancin lokaci. Mafi girma kuma, abin yana iya komawa wasan kwaikwayo: a yi na ladabi a gabansa, a koma ofis a yi na gaskiya. Idan haka ta faru, an dawo inda Nightingale ta yi kashedi, raɗa a bakin ƙofa. Ma'aunin da za a gane gaskiyar abin shi ne ko abin da majinyaci ya faɗa yana shiga fayil, kuma yana sauya abin da za a yi masa.

Abin da ya shafe mu

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, mai tushe a dokar Turawa ta 1916. Sabuwar ta amince cewa mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙoƙi, har da na sa baki a yadda za a yi masa magani. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ma'anar wannan ita ce, a Kware ko Barnawa ko Dawanau ko Maiduguri, ma'aikatan jinya ne suke tare da majinyaci dare da rana, kuma da idonsu likita yake gani. Saboda haka abin da suke faɗa wa juna a lokacin canjin aiki yana da nauyi ƙwarai, kuma a nan ne za a ga ko haƙƙin da doka ta rubuta ya iso ɗakin majinyata.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura daga waje. Yana buƙatar wurin da za a keɓe, da isassun ma'aikatan da za su sami 'yan mintocin, da yarda cewa wanda hankalinsa ya taɓu bai rasa sanin inda yake masa ciwo ba. Babu wanda yake da tabbacin ba zai taɓa kwanciya a wannan gado ba, ko ya kai mahaifiyarsa ko ɗansa. Idan ranar ta zo muna zaman jinya, aka zo tambayar yadda aka kwana, mu daure mu yi shiru na minti ɗaya, mu bar mai ɗakin ya fara faɗin inda yake masa yoyo.

Ma'aikatan jinyar da ke cikinmu, da waɗanda suka taɓa jinyar wani nasu a irin wannan sashe, muna son jin yadda ake yi a wurarenku, ba tare da ambaton sunan kowa ba.